Ra'ayinmu: A bar tsoho Abessolo ya faɗi maganarsa a Garwa da Rai Buba

Labule na yayewa, abin da ido zai fara sauka a kai ƙofar wani gida ce a ƙauyen Mvoutessi, can kudancin Kamaru, ƙasar Bulu. Maigida Atangana na zaune yana saƙar kwando, jim kaɗan ya ɗaga kai ya dubi wani ƙaton agogo mai ƙararrawa da ya girke a gabansa. Ɗan'uwansa Ondua da saurayin gidan, Oyônô, sun duƙufa a kan songo, irin darar nan ta ramuka da mutanen kudu ke yi, ga bammi a gefe ana ta kurɓa. Tsoho Abessolo, mahaifin maigida, na sassaƙa yana zuƙar lofe. Kaka Bella da jikarta Matalina na ɓarar gyaɗa. Maganar farko da za ta fito daga bakin Atangana kuwa kuka ce: rana ta take, har yanzu matarsa Makrita ba ta dawo daga gona ta ɗora masa tukunya ba. Ondua ya karɓe, ya ce ai shi ma tasa matar haka take, rowar arki take yi masa, yana faɗa yana sassauta murya don hukuma ta hana dafa wannan giya. Daga nan tsoho ya zare lofe ya yi musu tatas. A ganinsa mazan zamani ne suka ɓata mata da hannunsu: sun bar su suna sa tufafi, suna cin naman da al'ada ta keɓe wa dattawa, har ana neman shawararsu. Maganin da ya ba su shi ne duka, ga matan aure da 'ya'ya mata baki ɗaya.

Da haka Guillaume Oyônô Mbia ya buɗe wasansa na barkwanci, Trois prétendants... un mari, wato manema uku, miji ɗaya. Shi kansa ɗan Mvoutessi ne, an haife shi a 1939, ya rasu a 2021, kuma yana ɗan saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta wasan. Maɗaba'ar CLE ta Yawunde ta buga shi a 1964, na Ingilishi da marubucin ya juya da kansa ya fito a Landan a 1968, a 1970 kuma ya ci kyautar adabi mai sunan Alhaji Ahmadu Ahidjo, shugaban ƙasa na farko, haifaffen Garwa. An daɗe ana karanta littafin a makarantun sakandare na Kamaru da na wasu ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Don haka ɗalibi a Garwa, ko Tcholliré, ko cikin garin Rai Buba, yana iya yin kaciɓis da Abessolo tun bai taɓa ganin gonar koko da idonsa ba. Abin da muke son mu duba shi ne: me yaron nan ke gani a fitowar farko? A nuna masa ita yadda take, ko a tace ta, ko a sake mata gari da sunaye, ko kuwa a ajiye littafin a gefe?

Masu ɗari-ɗari da wasan suna da hujja, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba.

Sukan fara da auren kansa. A Mvoutessi dukiyar aure ta uba ce da danginsa. Ndi manomi ya riga ya ajiye sefa 100,000 tun yarinyar, Juliette 'yar Atangana, tana makarantar kwana ba ta san ana yi ba. Ana kuma jiran wani babban ma'aikacin gwamnati, Mbia, daga Sangmélima, wanda zai zube 200,000. Kuɗin ma an gama kasafta su a zuci, domin da su ne Oyônô zai biya na yarinyar da yake nema. A Musulunci kuwa sadaki haƙƙin amarya ne, aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ita ta mallaka mata shi, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, malamai kuma kullum yaba sauƙaƙa shi suke. Sai uba a unguwar Hausawa ta Garwa ya ce: mu ba ma sayar da 'ya, ba ma shan bammi a ƙofar gida, me ɗana zai tsinta a nan in ban da raina mutanen kudu?

Sai maganar girma. Masarautar Rai Buba, wadda Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, tana cikin wuraren da sarauta ba ta zama ado kawai ba har yau. Yankin Mayo-Rey da take shimfiɗe a kai ya fi ƙasar Beljiyam faɗi. Sarkinta, wanda ake kira Baba, yana bayan doguwar katangar ƙasa, a al'ada ba kowa ke ganin fuskarsa ba, mai shiga wurinsa sai ya tuɓe takalmi ya yi ƙasa da murya, dogarai na tsaye. Marubucin Faransa André Gide ya sauka a garin a 1926, kuma kwarjinin fadar bai bar shi ya wuce bai rubuta ba. Yaron da ya tashi a nan an raine shi a kan kunya da kawaici, ba ya kallon ƙwayar idon babba, balle ya kama sunansa. A wasan Oyônô Mbia kuwa tsoho abin dariya ne, mai gari Mbarga ɗan cika baki ne mai kwaɗayin lambar girma. Masu wannan ra'ayi na tambaya: in yaro ya saba yi wa kakan wani dariya a dandali, yaushe zai fara yi wa nasa?

Hujjarsu ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, kuma ba daga masu riƙon al'ada kaɗai take fitowa ba. Malamar da ta taɓa tsayawa a gaban ajin da maza suka rinjayi mata ta san abin da kan faru in an karanta wurin da tsoho ke cewa a daki mata. Sai a ji tafi da shewa daga bayan aji. Marubucin ya so a yi wa Abessolo dariya, samarin kuwa tare da shi suke yin tasu. 'Yan matan da ke benci na gaba sai su sunkuyar da kai. Zambo ba ya cin wanda ya yarda da abin da ake zambon, kuma malami ba shi da ikon zaɓar wa ɗalibi abin da zai ba shi dariya.

Mun yarda da wannan hujja ta ƙarshe. Sauran biyun kam muna ganin ba su tsaya da ƙafafunsu ba, kuma fitowar farkon ce da kanta take rushe su.

A sake duban dandalin. Wa ke aiki? Macen da ake zagi tana gona tun safe, cikin rana. Masu zagin kuwa suna inuwa, ɗaya na dara, ɗaya na kurɓa, ɗaya na lissafin mintocin da aka makara da abincinsa. Marubucin bai turo wani mai sharhi ya ce jama'a ku lura ba. Ya jera mutanensa ne kawai, ya bar bakinsu ya tona su. Agogon nan ma abin a tsaya a kansa ne: kayan zamani ya shigo ƙauye, amma aikin da aka ba shi bai wuce tsare lokacin dawowar mace ba. Haka makaranta. Atangana yana alfahari ya kai 'yarsa kwaleji saboda karatun ya ɗaga darajarta a idon manema, har babban ma'aikaci zai tako ƙauye saboda ita. Da yarinyar ta iso, aka gama murna da rungume-rungume, aka gaya mata an yi mata miji, ta tambayi dalilin da ya sa ba a nemi jin ta bakinta ba, ko ita hajar kasuwa ce, nan take makarantar ta koma abin tsinuwa. A lura, ba ƙin mijin ne ya fi girgiza gidan ba, don ba ta ma gan shi ba tukuna. Buɗe bakin da ta yi a gaban manya shi ne abin da suka kasa haɗiyewa. Kuma ba maza kaɗai ba: kaka Bella tana bayan mijinta, tana jimamin zamanin da mata ke cin naman kasa, Matalina kuma gani take ai wannan sa'a ce ta faɗo wa 'yar'uwarta. Wanda ya taɓa zama inda gwaggo da inna ke lallashin yarinya ta yi haƙuri ta bi zaɓin iyaye ba ya buƙatar Faransanci kafin ya gane wannan.

To, shin da gaske labarin ba namu ba ne? Mayo-Rey dai ba Fulani da Hausawa kaɗai ke cikinta ba. Akwai Dii da ake kira Duru, akwai Mbum, Laka da Gbaya, ga Tupuri, Masa da Mafa da suka gangaro daga can arewa mai nisa neman ƙasar noman auduga, audugar da kamfanin Sodecoton ke saye daga hedkwatarta a Garwa. Wajen Masa da Tupuri da shanu ake biyan dukiyar aure, kuma saurayi kan jira shanun da aka karɓa na 'yar'uwarsa kafin ya yi nasa, daidai da halin Oyônô. Arki da giyar bilbil kuwa ba baƙi ba ne a kasuwannin ƙauye da bayan unguwannin Garwa. 'Ya'yan waɗannan gidaje benci ɗaya suke zama da 'ya'yan Musulmi. Wanda ya ce wasan baƙo ne a arewa ya manta da rabin ajin.

Mu Musulmin ma a bi mu a hankali. Gaskiya ne sadaki na amarya ne, amma sadaki shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake kashewa. Akwai kuɗin na-gani-ina-so, akwai gaisuwar iyaye, akwai lefe akwati kan akwati wanda mata ke zuwa gani su ƙirga zannuwa, a ɓangaren amarya kuma kayan ɗaki da gara na karya uba. Ban da haka, abin da mutanen Mvoutessi ke nema wurin Mbia ya wuce kuɗi. Atangana na son surukin da zai samo masa takardar izinin sayen bindiga, wanda zai sa a daina shanya shi a ƙofar ofis. Ondua na son wanda zai fid da shi in jandarmomi sun kama shi da arki. Kowa ya rataya buƙatarsa a wuyan yarinya ɗaya. Har da aka bi salsala aka gano Mbia ɗan'uwa ne na jini, aka ce aure ya haramta, da dai aka ga za a kwashe abin shan da baƙon ya kawo sai dangantakar ta yi sauƙi. A cire giyar, a sa kujerar Makka, ko jari, ko takardar ɗaukar aiki. Waye a Garwa bai taɓa jin an ce a ba wane, ai zai riƙe gidan nan ba? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dokoki ma shaida ne. Tun 1951 Faransa ta fitar da dokar Jacquinot don rage tsadar dukiyar aure a ƙasashen da take mulka. Dokar Kamaru ta 1981 ta ce biyan dukiyar aure ko rashin biya ba shi ne ke inganta aure ba, sai yardar ma'auratan. Kundin hukunta laifuka na 2016, a sashe na 356, ya yanka ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya yi wa wani auren dole, sashe na 357 kuma ya hukunta tsawwala dukiyar aure. Da abin ya mutu, da ba a yi ta maimaita dokarsa shekara sittin da biyar ba. A ɓangaren addini, Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma da sharaɗin maslaharta, kuma kowane ɗalibin hadisi ya san labarin Khansa'u 'yar Khidham, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Muhawarar tana cikin zaurukanmu tun kafin a haifi Juliette.

'Yar arewa ma ta ba da labarin da bakinta. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta fitar da Munyal a 2017, aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Auren dole ne da kishi da duka a gidajen Fulanin birni, an rubuta da hawaye. Littafi ne da ya kamata a karanta, amma uban da aka nuna masa kansa tsirara haka yakan rufe littafin ya ce an ci zarafin al'ada. Shi wannan uban zai iya zama ya ƙyalƙyale da dariyar Atangana, don Atangana Bulu ne, Kirista, na can nesa. Sai ya tashi zai tafi gida abin ya fara yi masa susa.

Batun cewa yi wa babba dariya baƙon abu ne a wurinmu, wannan kam tarihi bai goyi bayansa ba. A fadojin ƙasar Hausa an yi wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da hakimansa su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, sarki na kallo, kowa na ganin aibinsa. Ga wawan sarki da ke faɗin abin da waziri ba ya iyawa. Ga 'yan kama masu kwaikwayon malamai, su mai da wa'azi zancen tuwo da miya. In azumi ya kai goma yara kan fito tashe, ɗaya ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure, ba wanda ya ce tarbiyya ta lalace. Malam Aminu Kano tun yana matashi ya rubuta wasannin da ke zolayar ma'aikatan En'e. Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya yi Uwar Gulma, inda Hayatu ke jibgar Halima a idon mai karatu, kuma shekara da shekaru ana koyar da shi a makarantun Nijeriya. Mutanen Garwa da suka sha dariyar marigayi Ibro a faifan Kano, yana shigar malami yau, gobe ɗan sanda, jibi mai unguwa, ba yau za a koya musu bambancin wasa da raini ba. Sannan kuskure ne a auna Mbarga da Baba. Bulu ba su gaji sarauta irin ta lamido ba, mai garinsu galibi Turawa ne suka naɗa shi don karɓar haraji da tara 'yan aikin tilas. In za a nemo masa tsara a nan, sai dai wani jauro, wato mai gari, mai son a san da shi, irin wanda talakawansa ma kan kwaikwayi muryarsa in ya ba da baya.

Ba kuma cewa muke wasan ba shi da tabo ba. Yadda ya ƙare akwai abin dubawa. Juliette ta ɗauke sefa 300,000 ɗin da manema biyu suka biya, ta haɗa baki da ɗan'uwanta Kouma, ta miƙa wa Oko, ɗalibin da take so. Gida ya rikice, aka kira boka Sanga-Titi ya yi ta shirme, aka nemi a jingina yarinyar ga wani ɗan kasuwa, Tchetgen, manemi na uku, daga baya Oko ya bayyana da shigar babban mutum ya biya su da kuɗinsu. Ta samu wanda take so, amma ta hanyar sata da yaudara, dangin kuma har aka rufe labule gani suke sun sayar ga wanda ya fi tsoka. Ba wanda ya tuba. Ndi, wanda shi kaɗai ne ya yi gumi kafin ya tara nasa kuɗin, shi aka mayar sakarai, abin da manomin auduga a Mayo-Rey ba lalle ya ji daɗinsa ba. Malamin kirki zai buɗe wannan a aji, ya bar ɗalibai su yi gardama a kan ko dabarar Juliette halal ce, da kuma abin da ya rage wa yarinyar da ba ta da Kouma.

Matsayinmu shi ne a ci gaba da koyar da wasan a arewa, a bar fitowar farko yadda marubucin ya gina ta, da bamminta da arkinta da baƙar maganar tsoho. In aka cire Abessolo, tambayar Juliette ta rasa abin da za ta yi karo da shi. Ba mu kuma goyon bayan a kwaso labarin a dasa shi a Rai Buba, a mai da Atangana Malam Hamadu, bammi ya koma shayi. Yin haka zai jawo ƙarya, tunda dokar sadaki daban take, zai kuma mai da wasa tuhuma, jama'a su shiga neman wanda ake nufi a gari. Nisan Mvoutessi shi ne ke ba mai kallo sararin yin dariya kafin ya gane kansa. Ga ƙarin riba: ɗan arewa zai ga ɗan kudu a ƙofar gidansa yana fama da suruki da talauci da jandarma kamar kowa, a ƙasar da sassanta biyu suka fi sanin juna ta bakin masu gulma.

Amma a daina kashe shi a kan takarda. Wasa ne, da kiɗa da rawa a cikinsa, don a taka shi aka rubuta. Yaron da ke tuntuɓe da Faransanci, yana bin layi da yatsa don jarrabawa, ba zai ga agogon ba, ba zai ga wa ke zaune wa ke gona ba, zai dai riƙe kalmar duka don ita ce mai sauƙi. Nan ne tsoron malamar nan yake tabbata. Maganinsa a hannun mai koyarwa yake: kada a tsaya a kan jawabin tsoho a ce sai gobe. A zarce a zama ɗaya har Juliette ta shigo ta yi tambayarta, a ba yarinyar da ta fi kowa murya a ajin wannan matsayi, sannan kafin a yi wani bayani a tambayi samarin da suka yi tafi su faɗi aikin da kowane namiji ke yi a dandalin lokacin da Makrita ke gona.

A kuma juya shi zuwa Hausa da Fulatanci, domin iyayen da maganar ta fi shafa ba su zauna a aji ba. Ibrahim Yaro Yahaya ya shigo da Shakespeare cikin Hausa da Daren Sha Biyu tun 1971, to wasan maƙwabci bai fi ƙarfinmu ba. Jami'o'in Ngaundare da Marwa, da ta Garwa da aka kafa a 2022, suna da masana harsunan nan, gidan rediyon Garwa kuma ya daɗe yana magana da jama'a da su. Duk mai niyyar wannan aiki ya fara neman izinin maɗaba'ar CLE da magadan marubucin. In kuma za a kai wasan ƙauye, a bari sai an gama ɗibar auduga mutane sun sami sukuni, a fara zuwa gaida jauro a gaya masa abin da ke ciki, har da Mbarga, a ba shi kujera a sahun gaba.